Tsanin Gidan Gwaggo

Shekarun baya, tun ban buɗe shago ba, ban ma san ko za a bar ni in riƙe filaya a matsayin sana'a ba, wani abu ya faru da ni a Shinkafi wanda har yau bai bar raina ba. Shekaranjiya wata daga cikinku ta tambaye ni yadda aka yi iyayena suka yarda ɗiyarsu mace ta riƙa hawa kan kwano tana ɗaura sola. Na ce mata amsar ta fi ƙarfin a rubuta ta a ƙarƙashin hoto. To ga ta nan, ku gyara zama.

Mu mutanen Ƙaura ne. Mahaifina malamin firamare ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyin hali, wanda ko akuya ce ta shigo ta ci masa shuka sai ya yi mata magana da lalama. Yana da yaya mace guda ɗaya a Shinkafi, ita muke kira Gwaggo. Mahaifiyarsu ta rasu yana ƙarami, don haka a bayan Gwaggo ya girma, a hannunta ya ci tuwo, ita ta kai shi makaranta. Har ya yi furfura bai taɓa tsallake maganarta ba, kuma har ya yi jikoki Auta take kiransa. Mu kan sunkuyar da kai mu danne dariya in ta faɗa a gabanmu.

Gwaggo ta yi shekaru masu yawa tana aikin shara da wanke-wanke a ɗakin haihuwa na wani asibiti. Ba ta yi boko ba, amma ta ga abin da ta gani. Ranar da aka haife ni, an ce tana karɓa ta a zani ta ce, "Ga likitarmu ta iso." Shi ke nan suna ya bi ni. A Shinkafi babu wanda ya san sunana na yanka, Likita kowa yake cewa. In na je hutu, Gwaggo ta kan ja ni gida gida tana nuna ni kamar sabuwar atamfa.

Matsalar ita ce Likitar ba ta iya ganin jini. Ranar layya, da an kwantar da rago nake shigewa ɗaki in toshe kunne. Abin da hannuna yake so daban ne. Duk abin da ke da sukuru a gidanmu sai da na kwance shi: tocilan, agogon bango, fankar tebur. Rediyon mahaifina kuwa na buɗe ta tana magana, na rufe ta ta yi shiru, kuma shirun da ta yi ke nan har yau.

Na gama sakandare na zauna jarrabawar shiga jami'a. Maki bai kai na likitanci ba. Na sake zama, ya ɗan ɗaga, amma bai kai ba. Zaman gida ya fara cin raina. Ƙawayena wasu sun tafi makaranta, wasu sun yi aure, ni kuma ina tsakar gida ina tsince shinkafa.

A bakin titinmu akwai shagon wasu miji da mata 'yan Filato, Kiristoci, da suka daɗe a Ƙaura har Hausarsu ta fara karkata irin tamu. Mijin ne ke sayar da kaya, matar ce mai aikin hannu: jan wayar wuta a gida, haɗa sola, gyaran fanka. Madam muke kiranta. Na kai mata fitilar caji gyara wata rana, na tsaya a kanta ban tafi ba. Washegari na sake komawa da wata fitilar da lafiyarta ƙalau. Ta juya ta, ta kunna, ta dube ni.

"Wannan fitila ba ta da ciwo," in ji ta. "Ke ce kike da ciwo. Idonki yana kan hannuna tun jiya. Je ki tambayi babanki, in ya yarda ki zo."

Mahaifina ya yarda ne don mace ce za ta koya mini, kuma ya ɗaure maganar da sharaɗi: kafin gurbin karatu ya fito. Wannan "kafin" ɗin sai da ya kusa cinye shekara biyu.

Kada ku zaci da zuwana aka miƙa mini aiki. Watannin farko feƙe waya kawai nake yi da ɗaukar jaka. Wuta ta ja ni har na kira sunan mahaifiyata a gaban mutane. Amma a hankali na gane wace waya ke ɗaukar wane nauyi, wane batir zai riƙe fanka har gari ya waye, ta ina rana ke faɗowa a kan rufi don farantin sola ya sha ta sosai. Madam ta sa tela ya ɗinka mini wando mai faɗi da riga har gwiwa, da ɗan hijabi da ake ɗaurewa ta baya don kada ya maƙale a ƙusa. Abu ɗaya ne ta kasa cire mini, wato tsoron saukowa. Hawa ba ya ba ni wahala. Amma in na gama aiki na juyo da baya ina laluben tsani da ƙafa, sai in maƙale. Kullum Madam ce a ƙasa tana riƙe, tana yi mini tsiya.

Ana haka sai gurbi ya fito. Ba likitanci ba ne, wani fanni ne na nazarin tsirrai da ban taɓa nema ba. Mahaifina ya shigo da fara'arsa yana cewa digiri dai digiri ne. Na karɓi albishir ɗin, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Da na fito na durƙusa na gaya masa gaskiya: ba na son in bar aikin nan. Na ce masa na sami abin da in na tashi da safe nake ɗokin zuwa wurinsa, kuma ina jin tsoron in kwashe shekaru ina karanta abin da ba na so, in dawo in zauna jiran aikin da ba a san ranar zuwansa ba.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ni ba ni da ta cewa ga wagga magana. Gwaggonku ta ɗora rai gare ki tun kina cikin zani. Ki tahi ki hwaɗa mata da bakinki. In ta ce makaranta, makaranta za ki. In ta sake ki, na sake ki."

Ranar rufe rajista ta matso, saboda haka babu batun jinkiri. Ga shi kuma lokacin bai yi daɗi ba. Mijin Gwaggo bai daɗe da rasuwa ba, tana cikin takaba, kuma tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko kaza ba ta yawo. Gwaggo ta san ina zuwa shagon Madam, amma a wurinta wasa da wayar wuta nake yi kafin karatu ya zo. Mahaifiyata ta ce in bar jakar aiki a gida kada in tsokano ta. Na ce to. Da ta juya baya na cusa filaya da sukudireba da abin gwada wuta da kayan aikina a ƙarƙashin zannuwa. Ba da wata niyya ba, ni dai ba na jin daɗin tafiya babu su.

Na shiga mota a tasha, muka kama hanyar Shinkafi kowa da addu'arsa a baki, kamar yadda duk mai bin hanyar nan ya sani. Allah ya kai mu lafiya.

Na tarar da Gwaggo a ɗakinta a kan tabarma, carbi a hannu ɗaya, mafici a ɗayan. Ta rame. Ƙafafunta sun kumbura, gumi yana bin wuyanta, ɗakin kuwa kamar an hura gawayi a ciki. Matar babban ɗanta, wadda nake kira Anti, ita ke zaune da ita tana kula da ita. Na yi gaisuwa, na sake yi mata ta'aziyya.

"Likita, kin iso?" ta ce, fuskarta ta ɗan saki. "Auta ya ce an ba ki makaranta. Alhamdu lillahi. Ko ba shi na munka nema ba, ki shiga, in kin shiga ana sauyawa."

Da na bari sai washegari. Amma ni ba ni da haƙurin riƙe magana a ciki. Nan take na zazzage mata komai, har da cewa jini tsoro yake ba ni. Maficin ya tsaya. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

"Wayar wuta," ta ce. "Shekara ashirin ina hwaɗa ma mutanen garin ga ina da likita, ashe mai ɗaurin waya niƙ ƙyanƙyashe. Mi za ni ce musu?"

"Gwaggo, sana'a ce mai kyau."

"Ban ce mugunya ta ba. Tashi ki ci abinci."

Daga wannan lokacin ta daina kirana Likita. "Ke" ta koma cewa. Ke, miƙo min buta. Ke, rufe ƙofa. Na shekara ashirin ina jin haushin sunan nan, amma ranar da aka cire mini shi sai na ji kamar an tuɓe mini mayafi a kasuwa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da la'asar ina taya Anti shara sai na ga kwalaye jingine a ɗakin ajiya, an rufa musu tsohon buhu. Ko daga nesa na san ko mene ne: farantan sola biyu, batir, fanka, ƙwayayen fitila, komai sabo ko tef ba a yanke ba. Na tambaye ta.

Ta rage murya. "Yayanku yas sawo daga Gusau tun sati na biyu da rasuwa, don zahin ga na tada mata hawan jini. Mai ɗaurawa yaz zo har zaure, ta ce shi koma. Ta ce ba namijin da za shi ratsa mata tsakar gida shi shiga ɗakinta sai ta hita takaba. An hwaɗa mata malamai sun ce ba laihi in ta kauce wani ɗaki, ta ce ita ba ta kaucewa ko'ina, ɗakin da mijinta yab bar ta nan za ta zauna."

Wanda ya san Gwaggo ya san an gama magana. Takabar kuwa da sauran kusan wata uku, zafi kuma ba shi da alamar sauka.

Na koma ɗakin na durƙusa. Na ce, "Gwaggo, in kin yarda in ɗaura miki kayan can. Ni ba namiji ba ce."

Ba ta ɗago ba. "Kayan ba nawa ba na. Ki tambayi mai su."

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin e. Na kira ɗan nata a waya. Ya yi dariya har da tari, sannan da ya ji ina lissafa masa abin da ke cikin kwalayen da abin da ya manta bai saya ba, sai dariyar ta tsaya. Ya ce in yi, amma in na ƙona batir ni da Innarsa. Na kira Madam na karanta mata abin da ke rubuce a jikin kayan, ta tabbatar mini da lissafina. Kafin ta kashe ta ce, "Wa zai riƙe miki tsani?" Na ce akwai mutane. Ta ce, "Hm."

Kafin magariba na gama aikin ciki. Na ja waya, na kafa fanka, na ajiye batir a inda iska ke shiga. Duk abin nan a kan Gwaggo nake yi, ina tsallake ƙafafunta ina ba ta haƙuri, ita kuma tana jan carbi kamar babu kowa a ɗakin. Saura hawa sama, wanda dole sai da sassafe kafin kwano ya ɗauki zafi.

Gari na wayewa Anti ta aro tsani a maƙwabta. Tsanin rumbu ne na itace, an ɗaɗɗaure matakansa da igiya, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na dube shi, shi ma kamar yana dubana. Na shiga na sa kayan aikina na fito.

A nan sai in yi wa waɗanda ba su tashi a irin unguwanninmu ba bayani. Gidajenmu katanga ɗaya ce ke raba su, kuma tsakar gida ta mata ce. A nan suke daka, suke wanka wa yara, suke zama da ɗaurin ƙirji in zafi ya yi yawa. Wanda ya hau rufin gida ɗaya yana ganin tsakar gida biyar. Don haka ba a hawa sai an yi shela, mata su shige ɗaka su zauna har mai aiki ya sauko, ko da zai wuni. Ni kaina na sha zaman nan ina yarinya, an tura mu ɗaki ɗaya mu da yara da kaji, tuwo yana ƙonewa a waje ba mai ikon fita.

Ina sa ƙafa a matakin farko sai Anti ta matsa jikin katanga, ta sa hannu a baki, ta ɗaga murya: "Za a hau bisa! Mata a kintsa, za a hau bisa!"

Ba tunani ta yi ba, bakinta ne ya saba. Nan da nan na ji guje-guje ta ko'ina, ana kiran yara, ƙofofin langa-langa suna ƙara. Kafin in kai sama unguwar ta yi tsit.

Na miƙe a kan kwano na duba. Ban taɓa ganin abin ta wannan gefen ba. Tsakar gida bayan tsakar gida, babu kowa. Ga turmi da taɓarya a ciki an bar dakan rabi. Ga tukunya tana tafasa ita kaɗai. Ga wanki a cikin baho, kumfa tana bushewa. Duk saboda ni, wadda jiya ma a tsakar gida na yi wanka da bokiti.

Sai labulen wani ɗaki ya motsa a gidan da ke gabas. Wata tsohuwa ta leƙo da ido ɗaya, ta koma, ta sake leƙowa da duka biyun. Ta fito tsakiyar gida ta kare rana da tafin hannu.

"Ku hito," ta ce da ƙarfi. "Mace ta. Wallahi mace ta. Likitar gidan mai takaba ta."

Ƙofofi suka fara buɗewa. Aka fito ana dariya ana nuna ni, wasu ko ɗankwali ba su nema ba. Mai daka ta koma kan turminta, mai tukunya ta ruga ta sauke. Mata biyu suka zagayo gidan Gwaggo don su ga abin da idonsu, sai suka zama 'yan aiki. Suka kwance igiyar guga daga rijiya, suka ɗaure farantin farko, suna turowa daga ƙasa ina ja daga sama, ana ta ba ni umarni ta kowace katanga kamar duk sun taɓa yi.

Ina ɗaure ƙarafa ana yi mini magana. Wata matashiya mai goyo a gidan arewa ta ce mijinta yana ci-rani a Legas, ya aiko da irin kayan nan tun bara, suna ƙarƙashin gado. Surukarta ta ce ba mai shigowa sai mai gida yana nan, shi kuma sai damina yake dawowa, in ya dawo kuma gona ta ɗauke shi. Wata ta ce wayar ɗakinta tana tartsatsi in an kawo wuta, ta naɗe ta da tsumma tana jiran ƙanen mijinta ya samo mai gyara ya tsaya a kansa. Tsohuwar nan ta farko ta ce ita fitila ɗaya take so a banɗaki, ta gaji da faɗuwa. Kowacce tana faɗa daga tsakar gidanta, da muryar da ake jin ta har zaure. Ban kawo a raina cewa tagar Gwaggo a buɗe take ba.

Na gama wajen hantsi, kwano ya fara gasa mini gwiwa. Na zuro waya ta inda na huda, na tattara kayana, na zo bakin rufi na juya baya. Anti ta tafi mayar da igiyar guga, matan biyu sun bi ta suna ta labari. Na laluba da ƙafa na sami matakin farko. Ina ɗora nauyina tsanin ya goce gefe.

Na manne a kan kwano, rabin jikina a sama, ƙafafuna suna reto. Gwanar da aka gama yabo yanzun nan, ga ta a kwance rub da ciki kamar ƙadangare, gidaje biyar suna kallo. Na so in kira Anti, murya ta ƙi fita. Kwanon yana ƙona mini hannu, hawaye ya cika mini ido, na fara karanto duk addu'ar da ta zo bakina har da ta cin abinci.

Sai na ji tsanin ya dawo daidai, ya tsaya cak. Wata murya a ƙasa, ba da ƙarfi ba, ta ce, "Sauko, na riƙe."

Na leƙa ta ƙarƙashin hammata. Gwaggo ce. Matar da tun rasuwar mijinta alwala kaɗai ke fito da ita, ga ta a tsakiyar rana da kumburarrun ƙafafunta, ta dafe tsani da hannu biyu, ta taka matakin ƙasa da ƙafa ɗaya, carbin yana rataye a wuyan hannunta.

"Kada ki dubi ƙasa. Ƙahwa ɗaya, sannan ɗaya. Na riƙe."

Haka na sauko, tsanin ko motsi. Da na taka ƙasa ta sake shi ta juya ta koma ɗaki.

Na bi ta na haɗa wayoyin. Na danna makunni, fanka ta juya. Anti ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ta tuna gidan makoki ne ta kama bakinta. Gwaggo ko kallon fankar ba ta yi ba. Na fita na zauna a gindin rijiya, na tabbata na yi aikin banza, gobe sai rajista.

Bayan azahar ta aiko Anti ta kira ni. Na same ta a zaune, maficin yana gefe a ajiye.

"Kin san mi yas sa nis so ki zama likita?" ta ce.

Na ce a'a.

"Ba don a ce ba na. Wancan na hwaɗa maki jiya don haushi. Ina aiki asibiti, sau nawa anka kawo mace ta kwana biyu tana naƙuda gida, don an ce likitan namiji na. Wata a kawo ta da sauran rai, wata a kawo ta an makara. Ni ka wanke ɗakin bayan an hitar da su. Nic ce in Allah ya ba mu ɗiya, sai ta zama wadda za ta shiga inda namiji ba shi shiga."

Fanka tana ta juyawa a kanmu.

"Na ji matan ga da sahe. Duk na san su, wasu gabana anka haihe su. Ban san suna zaune da wuta cikin tsumma ba." Ta share fuska da gefen zani. "Har gobe likita nis so, kada ki ce na canza. Kuma ba don iskar ga ba ta, na iya zama da zahi na. Miƙo min waya."

Na lalubo mata lambar mahaifina. Ko gaisuwar kirki ba ta bari ya gama ba.

"Auta, ka bar yarinyar ga ta yi aikinta." Ta saurara kaɗan. "Na ce ka bar ta. Amma ka saya mata tsani na ƙarhe. In ta sake hawa na rumbu ta hwaɗo, kai za ni tambaya."

Ta miƙo mini wayar ta ce in tashi in ba ta wuri za ta kwanta. Na fito na shiga ɗakin ajiya, inda kwalayen suke da, na yi kukan da ya fi na ranar da gurbi ya fito.

Kwana ɗaya na zo yi, sai da na yi mako. Na ɗaura wa mai goyo kayanta, na canza wayar da ke cikin tsumma, na sa wa tsohuwa fitilarta a banɗaki. Ranar da na koma Ƙaura na tarar da tsanin ƙarfe a jingine a zaurenmu, mahaifina yana zaune kusa da shi yana karatu kamar bai san da shi ba.

Ba na ba da labarin nan don in ce karatun jami'a ba shi da amfani. Ƙanwata ta yi karatun jinya, kuma ranar da ta gama na fi kowa rawar kai. Ni ma daga baya na je na yi kwas na samo takardar shaidar sana'ata, don aikin wuta ba a yin sa da ka. Abin da na gane shi ne, da ni da Gwaggo abu ɗaya muke nema, kowa da ƙofar da ya sani. Ita asibiti ta sani, shi ya sa ta ce likita. Da yawa iyayenmu in sun nace sai digiri, akwai wani abu a bayan nacin da ba su faɗa ba, wani abin da suka gani ya tsaya musu a rai. Ni ban taɓa tambayarta ba sai da ta faɗa da kanta, kuma da na san haka da tuni na tambaya.

Yau ina da shagona a Ƙaura. In hanya ta yi kyau muna zuwa Zurmi da Kasuwar Daji, har Gurbin Ɓore an taɓa kiranmu, kuma yawancin masu kiran mata ne. Gwaggo ba ta sake kirana Likita ba. Da na haifi ɗiyata ta fari, tana karɓar ta a zani ta mayar mata da sunan, ta kuma gargaɗe ni kada in kuskura in bar filaya kusa da ita. Allah ya yi mata rasuwa bara waccan, Allah ya jiƙanta da rahama.

'Yan mata uku ke koyon aiki a wurina yanzu. Ƙaramarsu irina ce sak, hawa kamar kyanwa, saukowa sai an yi da gaske. Makon jiya a wani gida a Zurmi ta maƙale a bakin rufi, ƙafa tana lalube, ta kasa ko kiran sunana. Na ajiye abin da ke hannuna na je na dafe tsanin da hannu biyu, na taka matakin ƙasa. Ban shirya abin da zan ce ba, sai ji na yi ya fito da irin muryarta.

"Sauko, na riƙe."